Ranar da Na Datse Littafin Memuna

Shekaruna saba'in da huɗu a bana. Abin da zan ba ku labarinsa ya faru shekara tara da suka shige, saura shekara biyu in yi ritaya, kuma har yau ranar da Mista Darnell ya buɗe littafin nan a gabana ba ta gushe daga zuciyata ba. Ku da kuka zo ƙasar nan a bayanmu kun sha roƙona in rubuta wani abu daga rayuwar aikina. Na san kuna sa ran jin wanda na yi bajinta a cikinsa. Amma wannan na zaɓa.

Sana'ata ɗinkin littattafai. A Zariya na koye ta, a hannun wani dattijo wanda ba ya barin mai koyo ya taɓa allura sai ya shekara yana dama gam. Da Allah ya kawo ni Greensboro, na sami aiki a wani reshen laburare a gabashin gari. Shekara shida na yi ina jera littattafai a kanta, kafin manajar reshen, Misis Holloway, ta ga yadda na haɗa wani ƙamus da ya rabu gida uku, ta damƙa mini ɗakin gyara da ke can baya.

Ga tsarin aikin, domin wanda bai san shi ba. Kowane littafi yana shigowa da takardar aiki, inda aka rubuta abin da ake so a yi masa. Matakin farko shi ne mai gyara ya bi littafin shafi-shafi, daga farko har ƙarshe, ya ga abin da ke ciki. Sa'an nan ya warware tsohon zare, ya yi sabon ɗinki, ya shafa gam a baya, ya matse shi ya kwana. Takardun da aka sake ɗinkawa ba sa daidaita, wani shafi ya leƙo, wani ya noƙe, saboda haka ake sa littafin a injin datsa a yanke bakinsa kaɗan ya yi sumul. Bango ne na ƙarshe. A wurin yankan nan ake gane gwani, kuma ni ina alfahari da nawa.

Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da ɗakin taro. A can, Asabar ta farko a kowane wata da ƙarfe biyu na rana, wasu mutane kamar goma suke haɗuwa su tattauna littattafan labari cikin zane, waɗanda suke kira komik. Ba yara ba ne. Akwai malamar makaranta, akwai mai gyaran wuta, akwai ɗaliban jami'a biyu, shugabansu kuwa Mista Darnell ne, tsohon direban bas wanda ya ba ni shekara biyar. Suna da wata al'ada: littafi ɗaya suke saye, ya zagaya hannunsu, kowa ya riƙe shi 'yan kwanaki ya rubuta ra'ayinsa da fensir a gefen shafi, na bayansa ya ba shi amsa a ƙasa. Kafin ranar taro, rabin gardamar ta riga ta gudana a cikin littafin.

Ni kuwa ban ɗauki waɗannan littattafai a bakin komai ba. A ganina abin yara ne, kuma rubutu a gefen shafi ƙazanta ce wadda na ƙare ƙuruciyata ina gogewa.

A cikinsu akwai Memuna, 'yar shekara ashirin da bakwai, tana aiki a kantin magani. Iyayenta Hausawan zangon Kumasi ne. Ita kaɗai ce a ginin nan take gaishe ni da Hausa. Tana fama da ciwon sikila, yakan kwantar da ita sati biyu ko uku, ta tashi ta dawo kamar ba a yi ba. Duk ranar taro sai ta leƙo ƙofata.

"Baba Zariya, sannu da aiki. Yau ma ba za ka shigo ba?"

"Na wuce shekarun kallon hoto, 'yata."

"Ei, Baba! Mista Darnell ya girme ka paa, ga shi can yana share hawaye a kan hoto."

"Shi ya sani. Ku dai rage hayaniya, gam ɗina ba ya kamawa."

"Gam ɗin ma so yake ya ji labarin," in ji ta, ta wuce tana dariya.

Littafin da suka riƙa a ƙarshen wannan shekarar mai kauri ne, zanensa baƙi da fari, labarin wata mata da ta koma gida jinyar mahaifinta. Ta bango na jiyo gardamarsu. Ɗaya daga cikin ɗaliban yana cewa mai zanen rago ne, ya cika shafi huɗu da kujera wadda ba kowa a kanta, ba kalma ko ɗaya. Mai gyaran wuta ya ce ai da an ba shi fensir shi ma zai iya. Sai na ji muryar Memuna ta ce duk wanda ya taɓa zaman asibiti ya san shafukan nan huɗu su ne littafin, sauran duk rakiya ne. Sa'an nan Mista Darnell ya ce a ba yarinyar nan shugabanci shi ya huta.

A watan Fabrairu ciwon Memuna ya tashi, bai sake ta ba. Na halarci jana'izarta, na je ta'aziyya gidan mahaifiyarta, Hajiya Fati, a McLeansville.

Farkon watan Maris, Mista Darnell ya shigo ɗakina da littafin a cikin leda. Bayansa ya tsage, shafuka sun fara zubewa, bakinsa ya yi baƙi da dattin hannu. Ya ce ƙungiyarsu ta yanke shawarar a gyara shi a kai wa mahaifiyar. Da yake ba littafin laburare ba ne, sai da muka nemi izinin Misis Holloway. Ta amince, ta ce a cika takardar aiki kamar kullum. Ya rubuta da hannunsa: a ɗinka, a sa bango, kada a goge komai.

Yana miƙo mini takardar ya ce, "Akwai abin da ya sa muka kawo maka, kai musamman. A can wajen ƙarshe..."

Na katse shi. "Mista Darnell, tun kana koyon tuƙi nake wannan aiki. Ka dawo Asabar mai zuwa."

Ya yi murmushi, ya ɗaga hannu, ya fita.

Ranar Talata na zauna da littafin. Na buɗe shafuka goma sha na farko, na ga rubuce-rubucensu na Turanci, duk nesa da baki, da sauran fili mai faɗin ɗan yatsa. Daga nan ban ƙara duba shafi ba. Na kama kusurwar ƙasa na bi lambobin da babban yatsa, na tabbatar babu wanda ya ɓace, na ce na gama matakin farko. Na yi ɗinki mai kyau. Ranar Laraba da safe na auna rabin faɗin ɗan yatsa, na sauke wuƙar injin sau ɗaya. Na share abin da ya zuba na watsa a kwandon takardu. Motar kwashe takardu kuwa ranar Alhamis take zuwa.

Ranar Asabar Mista Darnell ya zo da sabuwar riga, domin daga nan gidan Hajiya za shi. Ya juya littafin a hannunsa, ya yaba bangon. Sa'an nan ya buɗe wajen ƙarshe. Na ga ya juya littafin a karkace, ya kai shi kusa da idonsa, ya buɗe wani shafin, ya sake buɗe wani.

"Ina layi na biyu?" ya tambaye ni.

Ban gane ba, sai da ya ajiye mini a gabana. Saboda yawan kwanciyarta asibiti, littafin ya zo hannun Memuna a ƙarshe, bayan kowa ya cike gefen shafukan. Fili bai rage mata ba sai can bakin takarda. Sai ta riƙa juya littafin tana rubutu a tsaye, da ƙananan haruffa, layi biyu a kowane shafi, a kusan shafi talatin na ƙarshe. Da Hausa ta rubuta. Layi na farko yana nan. Na biyu wuƙata ta tafi da shi.

"Babu mai iya karanta shi a cikinmu," in ji Mista Darnell, muryarsa a ƙasa. "Kalma ɗaya muka gane, wadda take kiran uwarta da ita. Shi ya sa muka ce kai. Ka gyara, ka je ka karanta mata."

Na zazzage kwandon, na durƙusa na lalubi ƙarƙashin injin. Ba komai. Misis Holloway ta zo, ta karɓi takardar aiki ta karanta. Ta ce an rubuta kada a goge, ba a rubuta kada a datsa ba, datsa kuwa tana cikin ƙa'ida, saboda haka ba ta da abin da za ta rubuta a kaina. Ta tambaye ni ko na bi littafin shafi-shafi. Na ce ban bi ba. Ta dube ni, ta mayar mini da takardar.

Na ce da Mista Darnell tare za mu tafi. Muka kama hanyar McLeansville a motarsa, har muka bar gidajen gari muka shiga gonaki. Can ya ce, "Hajiya ba ta karatu. Ni kuma ba zan ji abin da za ka faɗa mata ba. Ba zan ce maka yi kaza ba." Na fahimci nufinsa, domin ni ma tunanin da nake yi ke nan. Ina da Hausar da zan ƙarasa kowace jimla da ita, in ƙarasa ta da daɗi, uwa ta ji sanyi a ranta.

Hajiya Fati ta karɓe mu a falo, ƙanwarta Anti Hawa tana gefenta. Bayan gaisuwa da addu'a, Mista Darnell ya miƙa littafin, na fassara bayaninsa. Ta riƙe shi da hannu biyu.

"Ni dai na gan ta da shi a gadon asibiti, tana ta rubutu," in ji ta. "Na ce mata, ke da ba ki da lafiya, ki ajiye littafin aljanun nan. Malam, karanta mini."

Na buɗe shafin kujerar nan. Na karanta: "Mma, kujerar nan irin taki ce. Ranar da na yi miki tsawa a gaban nas, ba ke ce..."

Na tsaya. Ta jira.

"Ba ni ce me ba?"

Na buɗe na gaba, ina neman wanda ya cika. "Kin ce ban ji kukanki a banɗaki ba. Na ji, amma..." Na sake buɗewa. "Zoben da ke cikin jakata mai ruwan toka, ki ba..." Sai na ƙarshe, inda rubutun Memuna ya riga ya fara karkacewa: "Idan abin ya zo, Mma, abu ɗaya nake roƙonki, kada ki..."

"Kada in me, Malam?" Ta matso har bakin kujera. "Ƙarasa mana. Kada in me?"

Kalmomin suna kan harshena. Kada ki yi kuka. Kada ki zargi kanki. Kowanne zai zauna daram. Amma idan ba shi ta roƙa ba fa? Matar nan za ta riƙe maganata har kabarinta, tana tsammanin wasiyyar 'yarta ce.

Na ce, "Hajiya, sauran babu. Ni na yanke shi wajen gyara."

Anti Hawa ta yi salati. Hajiya kuwa ta dube ni.

"To, ai ka gani kafin ka yanke. Faɗa mini abin da ka tuna, ko kaɗan ne."

"Ban duba ba, Hajiya."

"Kwana nawa yana hannunka?"

"Kwana huɗu kafin in yanke."

Ta miƙo hannu, na ba ta littafin. Ta rufe shi, ta bi bakinsa da babban yatsanta daga sama har ƙasa, a hankali, sau biyu.

"Ya yi sumul," in ji ta. "Ka iya aikinka, Malam."

Ta tashi ta shiga ɗaki da shi. Muka zauna kusan rabin sa'a, ba ta fito ba. Anti Hawa ce ta raka mu ƙofa. Na koma gidan sau biyu daga baya. Ta karɓi gaisuwata, ta ce ta yafe don Allah, amma ba ta sake ba ni littafin na taɓa ba.

Abin da na koya ba shi da yawa. Ba rashin iyawa ne ya ɓata wannan aiki ba, raini ne. Ƙa'idar bin shafi-shafi an kafa ta ne musamman domin littafin da mai gyara yake ganin bai cancanci a duba shi ba, kuma kowane ma'aikaci yana da irin nasa littafin, ko fayil ne, ko mara lafiya, ko fasinja. Mutanen da na ɗauka masu wasa da hoto sun fi ni sanin abin da ke hannunsu, ɗayansu ya buɗe baki zai gaya mini, na hana shi.

Ban ƙara komai a cikin wannan labari ba, ban kuma rage ba. Misis Holloway ta ga abin da ya faru a laburare. Anti Hawa ta ji abin da aka faɗa a falo, tana nan da ranta a McLeansville. Mista Darnell kuwa yana wurin tun daga farko har ƙarshe.