Shekara Bakwai Ba Malama Rabi, Mai Karanta Bayan Leda

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Rabi, malamar firamare a nan Tudun Wada. Ciwon suga ne ya cinye ta a hankali, ya fara da idonta, ya ƙare da ƙafarta.

Tun ranar da likita ya faɗa mata ciwonta ta ɗauki wani aiki da babu wanda ya sa ta. Takan tsinci ledojin biskit da robobin lemo a filin makaranta ta shiga da su aji. Sai ta ba yaro dabino, ta ba shi alawa, ta ce, "Zaƙin wannan da shi aka halicce shi, wancan kuwa zuba masa aka yi." Ta koya musu juya leda su karanta abin da aka haɗa, in suga ya zo a farkon jeri, to shi ne ya fi yawa. Masu talla a bakin ƙofa har ƙararta suka kai wurin hedimasta. Ta je ta zauna da su, ta roƙe su su ƙara gyaɗa da aya a farantinsu. Biyu suka yarda.

Yau da za ta bi hanyar Gyallesu da safe, ban san me za ta ce ba. Kowane yaro da robar lemo a hannu, shi ne karin kumallonsa. Ni ma ba zan wanke kaina ba. Jikarta Ummi a hannuna take, kuma sau da yawa gajiya da sammakon aiki kan sa in tsaya shago in saya mata biskit maimakon in dama koko. Watan jiya aka cire mata haƙori biyu. Likitan ya dube ni ya ce, "Hajiya, me take ci haka?"

Yaya ba ta rufe shago ko ɗaya ba, ba ta kuma canja unguwa ba. Abin da ta bar min shi ne kunyar da ba ta barina in ce ban sani ba. Jiya na jiƙa gero. Ko zan jure har ƙarshen mako, ban yi alkawari ba.

Allah Ya haskaka makwancinki, Yaya, Ya ba ni ko rabin nacinki.