Allurar da Na Ƙaryata a Yawuri

Talata: Sakkwato zuwa Jega

Ƙarfe biyar da rabi, ana sallame Asuba, na bar gida a Ƙofar Rini. Yayana Sahabi ne ya kira. Ya sayar da gonarsa ta Wamakko ya sayi jirgin ruwa mai injin gas a Yawuri, don dakon albasa, ga shi matuƙin ya ƙi ɗaukar kaya, wai agogon ƙarfin baƙin mai bai yi masa ba. Ni kuwa shekara ashirin da biyu na yi ina jan motar shanu kafin ido ya zaunar da ni, tun daga nan ba wanda ya ƙara tambayata komai game da inji. Shi ya sa na tashi da rawar jiki.

Mota ta cika shida da kwata. Shinge uku muka wuce kafin Tambuwal. Yadda direban ke sa giya ya ishe ni, na yi magana, ya ce, "Baba, kai ka tuƙi ko ni?" Tara saura muka sha kunu da ƙosai a Jega.

Yawuri

Sha biyu da rabi muka sauka. Yaya ya kai ni bakin ruwa ko abinci ban ci ba. Matuƙin wani dattijo ne, Baba Manu, ɗan siriri, ba ya ɗaga murya. Ya ta da injin, allurar agogon ta hau tsakiya.

"To mi ag gardama?" na ce.

"Da sanyi ne, Direba. Bari ya yi zafi."

Bayan minti ashirin allura ta fara sauka, har ta kwanta kusa da ja. Na ɗalle gilashin da yatsa kamar yadda muke yi wa tsofaffin motoci, ba ta motsa ba. Na sa aka kashe, na zaro sandar awon baƙin mai. Ya cika, har ya wuce zane.

"Yaya, duba da idonka. Wanga agogo maƙaryaci ne. Motar da na ja shekara tara allurarta a mace take, har Legas."

Baba Manu ya ce, "Yawan mai daban, ƙarfinsa daban. Ni ban ƙara ko cokali ba, amma kullum hawa yake."

"To ka gode wa Allah mana. Tsoro ne kawai irin na tsufa."

Na faɗi haka a gaban masu dako, suka yi dariya. Na karɓi salatif na liƙe fuskar agogon. Yaya ya dubi dattijon, ya dube ni, ya ce a yi lodi da safe. A ɗakin wani mai shagon raga muka kwana, bayan tuwon shinkafa da miyar kifi.

Laraba: a kan ruwa

Bakwai da minti goma muka tashi. Takwas saura kwata na ji wata ƙara can ƙasa, kamar ana buga guduma cikin tukunya. Na san ta. Kafin Baba Manu ya kai hannu, inji ya buga. Sai ƙarar ruwa. Awa biyu muna shawagi kafin wani jirgi ya ja mu da igiya.

A bakin ruwa aka kira wani makanike, Bitrus, mutumin Zuru. Ya murza man a yatsa, ya sansana, ya miƙo mini.

"Oga, sansana. Gas ne ke zuba ciki, ya tsinke shi kamar ruwa. Ka taɓa ganin mai ya haihu?"

Ya ɓare salatif ɗin, ya ce da an saurari wannan, gyaran yini ɗaya ne. Yanzu kuwa sai an sauke injin gaba ɗaya, kuma ba ya alkawari.

Alhamis: komawa

Yaya ya rako ni tasha ƙarfe takwas. Na so ya zage ni. Sai ya miƙo mini ƙunshin busasshen kifi, ya ce na yara.

"Yaya, ni na..."

"Ni na kira ka, Umaru. Ka gai da gida."

Ko a Koko ko a Jega ban sauka ba. Uku da rabi na shigo Sakkwato. Maiɗakina ta tambaya ko an dace, na ce ta ɗora kifin.

Na gode wa Allah da ya fitar da mu daga ruwan nan da rai, na gode wa masu jirgin da suka ja mu. Baba Manu kuwa, na karɓi lambarsa wurin Yaya tun ranar. Yau kwana tara ke nan ina duba ta.