Gwangwanin Maɓallan Tela

Ranar Litinin, huɗu ga watan Maris na shekarar 2013, da misalin ƙarfe tara da kwata na safe, Tela ya fara tsayawa a gaban tagar ɗakin kati na asibitin unguwa. Yana saɓe da yarinya a kafaɗa, tef ɗin awo na rataye a wuyansa, ga allura biyu soke a bakin aljihun rigarsa, alamar daga kan keken ɗinki ya taso. Akawun ɗakin ya tambayi shekarun yarinyar, aka ce bakwai, ya rubuta. Da ya tambayi abin da ke damunta, sai Tela ya ce tari ne na wata biyu, kuma ƙugunta ya ragu da inci biyu da rabi, kafaɗa kuwa rabin inci. Akawun ya ce masa babu gurbin inci a jikin kati, can ciki za a ɗora ta a sikeli. Tela ya ce to su ɗora, amma shi ya riga ya sani. Aka ba su kati mai lamba 2417, suka bi layi.

A lokacin shekarunsa hamsin da biyu, talatin da takwas daga ciki a kan ɗinki ya yi su. Wajen kawunsa ya koyi sana'ar. Kawun mutum ne mai sauƙin kai, amma yana da doka ɗaya da ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: in allura tana bakinka, ko yawu kada ka haɗiye. Da katakon rula yake koyar da ita, a tsakiyar ka. Tela ya ƙware har ya kai yana riƙe allura shida a gefen baki, yana amsa gaisuwa, yana musu da mai kaya a kan tsawon hannun riga, ko ɗaya ba ta motsa ba.

Shagonsa ɗaki guda ne a gaban gidansa, ƙofa ɗaya na kallon titi, ɗaya na shiga tsakar gida. A ciki akwai keke mai feda, da teburin yanka, da benci, da wani babban gwangwanin madara a ƙarƙashin tebur, inda yake tara maɓallai tun yana saurayi. Matarsa ce ke guge kayan da ya gama. 'Ya'yansu huɗu ne. Uku sun girma sun kama gabansu, ita kuwa autar sai bayan shekara goma sha ɗaya ta zo, 'yar mitsitsiya. Ranar da aka miƙa masa ita ya juya ta a hannu ya ce wannan ai ragowar yadi ce. Tun daga nan kowa ke kiranta Ƙyalle. A ƙarƙashin teburin nan ta yi rarrafe, a nan take ɗinka wa 'yar tsanarta riguna.

Akwai abu ɗaya da Tela ya ɓoye wa gidansa. Shekara uku kafin wannan lokaci likita ya ce yana da hawan jini, ya rubuta masa farar ƙwaya ɗaya kowace safiya. Ranar farko ya jefa ta a baki, ya kurɓi ruwa, ruwan ya wuce, ƙwayar ta tsaya. Ya gwada sau uku, maƙogwaro ya ƙi buɗewa, kamar kawunsa na tsaye a kansa da rula. Ya ji kunyar a ce babban mutum mai gemu ya kasa haɗiyar abin da bai kai maɓallin wuyan riga ba, ga shi kuma babu inda ke masa ciwo. Sai ya samo dabara. Maman Ƙyalle ta miƙo masa ƙwaya da kofi, ya tura ƙwayar gefen kumatu inda allurai ke zama, ya shanye ruwan, ya yi godiya, ya shiga shago ya sunkuya ya tofar a gwangwani.

Ranar Alhamis, bakwai ga wata, sakamako ya fito, aka ce tarin fuka ne. Nas ɗin sashen, wata doguwar mace da kowa ke ce wa Sista, ta zaunar da su ta yi musu bayani dalla-dalla. Jajayen ƙwayoyi biyu ne kowace safiya kafin a ci komai, har wata shida, ba fashi ko na kwana ɗaya. Ta ce fitsarin yarinyar zai yi ja, kada su tsorata, aikin maganin ne. Ta kuma ce wanda ke sha yana bari, ciwon kan saba da maganin ya daina jinsa, daga nan sai kwanciya a asibiti da magani mai tsanani. Ta ba su takarda mai gida-gida, a riƙa yin alama kullum.

Kwana goma sha ɗaya aka yi ana fama. Ƙyalle ta ɗanɗana sau ɗaya ta ce ɗaci, daga nan ta datse haƙora. Uwar ta lallaɓa, ta yi alkawarin takalmi, ta yi faɗa, ta yi kuka. Ta daka ƙwayar ta kwaɓa da zuma, yarinyar ta gane. Ta cusa a cikin ayaba, ta gane. Abin ya kai duk abin da ya fito daga hannun uwar sai Ƙyalle ta shinshina ta ture, ko da ruwan shayi ne. Gwaggonta, yayar Tela, ta zo ta ce su ne suka sangarta yarinya, ita 'ya'ya bakwai ta raina ba wanda ta taɓa roƙo. Ta sa Tela ya riƙe hannuwa, ita ta toshe hanci ta ɗura. Maganin ya shiga, rabinsa ya dawo a gaban rigar Gwaggo. Kwana biyu Ƙyalle ba ta shiga shago ba, in ya kira ta sai ta juya wa bango fuska. Tela ya ce wa matarsa ko za a yanka shi ba zai sake riƙe ta haka ba.

Ranar Litinin, sha takwas ga wata, sai ga Ƙyalle ta miƙa hannu da kanta. Ta jefa ƙwayoyin a baki, ta shanye ruwa, ta ce na gode Mama, ta bi bayan ubanta zuwa shago. Uwar ta tsaya da kofi a hannu tana hamdala. Gwaggo ta aiko a gaya musu ai ta faɗa, yaro sai da ido. Aka ci gaba da cika gidajen takarda. Bayan 'yan kwanaki jan fitsarin ya washe, suka ce sauƙi ne ya fara samuwa.

Tela ne kawai hankalinsa bai kwanta ba, saboda tef. Duk Asabar yakan auna ta da sunan zai ɗinka mata riga, ya rubuta da alli a bayan ƙofa. Ƙugun bai ƙaru ba. Asabar ta ƙarshen wata ma ya ragu da kwata.

Da suka koma asibiti ranar Alhamis, huɗu ga Afrilu, sikeli ya goyi bayan tef. Sista ta duba takarda ta ga ba gidan da aka tsallake, ta dubi yarinyar, sannan ta tambayi launin fitsari. Da ta ji amsa sai ta rufe fayil ɗin ta ce maganin nan ba ya shiga cikin yarinyar nan. Maman Ƙyalle ta rantse da hannunta take ba ta, a gabanta take sha. Sista ta ce ba ta ƙaryata ta ba, amma iyaye da yawa kan yi alama don kada a yi musu faɗa. Ta ba su mako guda, in ba a gano inda maganin ke zuwa ba za a ba yarinyar gado. A hanyar dawowa uwar sai goge ido take da gefen mayafi.

Da la'asar ɗin ranar wani direban bas ya kawo farar riga, maɓalli ɗaya ya tsinke, yana sauri. Tela ya laluba saman gwangwani bai sami irinsa ba, sai ya juye shi gaba ɗaya a kan tebur, abin da ya yi shekaru bai yi ba. Maɓallai suka baje, fararen ƙwayoyinsa suka fito tuli, wasu sun zama gari. A tsakaninsu kuma ga jajaye, gefensu ya ɗan narke. Ya ɗinka wa direba maɓallinsa, ya sallame shi, ya tura ƙofa. Ya ware jajayen gefe guda da bakin almakashi. Talatin da shida ne cif, na kwana goma sha takwas.

Ƙyalle na ƙarƙashin tebur da 'yar tsanarta. Ya durƙusa har gwiwarsa ta yi ƙara, ya buɗe mata tafin hannunsa.

"Uwata, wa ya koya miki wannan?"

Ta dube shi kamar ya yi tambayar da ba ta da kai. Ta sa yatsa ta taɓa kumatunsa na hagu.

"Kai mana, Baba. Nan kake sawa, wajen allura." Ta rage murya. "Kada ka damu, ban faɗa wa Mama naka ba."

Ya zauna daɓas a ƙasa cikin ƙyallaye. Ya so ya yi faɗa, ya rasa ta inda zai fara. Ta ce masa da farko da wuya, ruwan na son tafiya da su, amma ta yi ta kallonsa har ta iya. Tana faɗa tana jiran ya yaba mata, kamar ranar da ta fara zura zare a allura. Sai tari ya sarƙe ta, ya rungume ta yana jin ƙasusuwan bayanta ɗaya bayan ɗaya a tafinsa.

Yana iya kwashe jajayen kaɗai ya kai cikin gida, ya bar nasa a rufe. Ya yi wannan tunanin, daga baya bai ɓoye ba. Amma ya tuna matarsa tana goge ido a hanya a kan laifin da ba nata ba. Ya tattara duka, fari da ja, ya zuba a murfin gwangwani ya kai mata inda take guga. Ya faɗi komai, har da kawu da rula.

Ta ajiye dutsen guga a tsaye. Ta daɗe tana kallon murfin.

"Shekara uku, Baban Ƙyalle," in ji ta. "Kullum ina ɗebo maka ruwa, ashe gwangwani nake jinya. To, ya jikin nasa? Jinin ya sauka?"

Ta yi dariya kaɗan, dariyar ta juye kuka, ta ce da ya faɗi wata rana a kan keken nan, me za ta ce wa yaran. Ya ce ta yafe masa. Ta ce sai ta ga abin da gobe za ta yi.

Washegari su uku suka koma asibiti da murfin a ƙulle cikin ƙyalle. Sista ta ba Maman Ƙyalle haƙuri a gaban kowa. Likita ya sa aka sake gwaji, ya ce a fara lissafin wata shida daga farko. Aka auna jinin Tela, Sista ta ga lambar ta ce ya je ɗakin kati yanzu-yanzu. Akawu ya buɗe masa nasa, mai lamba 2608.

Daga Asabar, shida ga Afrilu, aka sauya tsari. Ƙarfe bakwai uba da 'ya za su zauna a kan bencin shago, kowa da kofinsa, uwar na tsaye a bakin ƙofa. Tela ne ke farawa. Ranar farko sai da ya sha kofi uku, ido ya yi ja, ƙwayar na nan a kan harshe. Ƙyalle ta ce ya ɗaga kai, ya rufe ido, ya ce a ransa ba allura ba ce. A kofi na huɗu ta wuce. Ta sa ya buɗe baki, ya ɗaga harshe, ta ja kumatun hagu ta leƙa, ta ja na dama, sannan ta ce ya yi ƙoƙari. Ta sha nata tana yamutsa fuska, shi ma ya duba.

Ba kullum abin ke tafiya daidai ba. Wata Laraba a cikin Yuni ta tashi da rigima, ta ce ta gaji, ta kifa kai a gwiwa. Tela bai roƙe ta ba. Ya riƙe tasa ƙwayar a tafin hannu ya ce shi ma zai jira. Masu kaya suka yi ta ƙwanƙwasa ƙofa, wata mai rigar makaranta ta tafi tana mita. Wajen ƙarfe goma da rabi Ƙyalle ta ɗago ta ce masa jininsa zai hau. Ya ce zai hau kam. Ta yi tsaki irin na Gwaggo ta miƙa hannu. A takardar ta biyu babu gidan da aka cika da ƙarya, kuma babu wanda aka bari fayau.

An rufe kati mai lamba 2417 ranar Litinin, bakwai ga Oktoba, likita ya rubuta ta warke. A bayan ƙofar shago alli ya nuna ƙugu ya ƙaru da inci uku da kwata. Tela ya ci gaba da ɗinki har shekara tara, sannan idonsa ya raunana ya bar wa babbar 'yarsa keken, shi ya koma karɓar kaya da yin awo. Katinsa na nan a buɗe, yana zuwa duk bayan wata uku, bai taɓa saɓa rana ba. Ƙyalle ta gama sakandare ta tafi karatu wani gari. Kafin ta tafi ta damƙa wa uwarta aikin duba baki, kuma har yanzu ana yi kowace safiya da ƙarfe bakwai.