Mai Kunne Zai Rufe Shago

Wani dare da aka dawo da wuta, na ji lasifikar ɗakinmu ta yi "ɗum", kamar an dire tulu a kan tabarma, sannan wani siririn huci ya biyo baya ya ɗauke. Na tashi zaune ina jin daɗi, don ni duk wani baƙon sauti abokina ne. Har na fara tunanin ko wata tasha ce daga bayan teku ta ɓata hanya ta faɗo gidana. Da gari ya waye maiɗakina ta laluba ta kunna abin waƙarta, shiru. Wannan shirun ne ya kai ni ƙofar mutumin da zan yi wa jinjina yau, ba don raina ya so ba.

Mai Kunne ake ce masa. Kullum da hantsi yakan ɗage ƙofar shagonsa, ya share dandamali, ya shimfiɗa wani tsohon tawul a kan tebur, ya jona ƙarfen dalma, ya jera sukudirebobi daga babba zuwa ƙarami. Sai ya zauna da kofin shayi yana jira. Duk wanda ya kawo kaya, ba ya buɗewa sai mai shi ya zauna ya ba da labari. Yaushe ta fara? Me ka taɓa kafin nan? Da wane irin kuka ta mutu? Bayan haka sai ya kara kunne a jikin abin, ido rufe, kamar mai sauraron ciki.

Tare muka fara koyon gyara wajen maigida ɗaya muna samari, kuma na fi shi saurin ganewa. Ku tambaye shi, ba zai musa ba. Sai dai ni in an ba ni rediyo, nakan zauna ina juya allura ina sauraron kukan da ke tsakanin tasha da tasha, ina cewa taurari ne ke hira. Daga nan aka sa mini suna Na-sama. Maigida ya gaji ya sallame ni, na tafi aikin kula da injin ruwa har tsufa ya ajiye ni. Shi kuwa ya zauna a kan kujera ɗaya har ta yi rami.

Yau babu gidan da dalmarsa ba ta shiga ba a layinmu. Tela yana ba da labarin rediyonsa da ta faɗa cikin bokiti, Mai Kunne ya shanya hanjinta a kan taga ya tashe ta. Mai aski ya ce injinsa ya taɓa tsayawa da rabin kan ango, ya ruga shagon, kafin angon ya gama zagi an dawo. Akwai dattijon da na'urar kunnensa ta daina aiki, ya yi wata guda bai ji muryar jikokinsa ba. Ranar da Mai Kunne ya goge mata tsatsa ya maƙala masa, mutumin ya fita yana gaida kowa har da awaki. Duk waɗannan labarai a gabana ake ba da su. Nakan ce madalla, in haɗiye yawu.

Unguwa ta zama tasa, amma gida ya rage nawa. Fitila, fanka, agogon bango, ni ke taɓa su, kuma maiɗakina ba ta taɓa bari an fita da ko tocila zuwa shagonsa ba, don ta san ni.

Abin waƙar nan 'yarmu ta fari ce ta aiko da shi, tun da yanar ido ta fara rufe ganin uwarta. Ɗan fanel ne kore, wato 'yar ƙaramar kwamfuta, bai kai tafin hannu ba, waƙoƙin ƙuruciyarta duk suna cikin memorinsa. Daga jikinsa wayar USB ta tafi wata 'yar akwati mai nata makunnin, ita ce ke juya abin da fanel ya aiko ya zama sautin da lasifika za ta furta. Tun da ido ya ƙi, wannan ne abokin zamanta. Tana bin waƙa tana tsince shinkafa da yatsu, wani lokaci har da ɗan rausaya.

Na ce mata kafin azahar zan tayar da shi. Na hura ramuka, na canza caja, na cire tsohuwar waya na sa wata sabuwa mai kyan saƙa, na ɗora fanel a kan taga ko iska yake so. Sau ɗaya tun da farko ya yi waƙa, na fita tsakar gida ina ɗaga hula, da aka sake kunnawa ya koma shiru. Kwanaki suka wuce. Sai in shigo in tarar da ita zaune a bakin gado, hannuwa a kan cinya, tana fuskantar bango.

"Malam," ta ce, "ban ce ba ka iya ba. Amma ka kai masa."

Na naɗe kayan a cikin ɗankwali na bi ta bayan layi.

"A'a, Na-sama!" in ji Mai Kunne. "Yau taurari sun ba da hutu?"

"Wucewa nake yi. Na ce bari in ga ko har yanzu kana gani."

"Gani ya ragu, amma zauna ka ba ni labari."

Na ba shi tun daga "ɗum". Ya jona fanel da wata tsohuwar talabijin da madannan rubutu, ya rubuta masa tambaya: su wa kake gani a jikinka? Fanel ya jero amsa, babu akwatin a ciki. Mai Kunne bai taɓa komai ba sai waya. Ya zare sabuwar tawa ya juya ta.

"Wannan kyakkyawar wuta kawai take kaiwa, ba ta kai magana. Ina tsohuwar?"

Tana aljihuna. Ya mayar da ita ya sake tambaya, akwatin ta bayyana. Na miƙe zan naɗe kaya, ya ce in zauna, ai matsalar waya ni na ƙaro ta, ciwon farko yana nan. Ya kashe komai ya ce in kunna yadda nake yi a gida. Na kunna fanel, na jira ya gama farkawa, sannan na kunna akwatin. Shiru.

"Me ya sa shi tukuna?"

"Shi ne babba mana. Shi ke riƙe da waƙoƙin, ita 'yar aikensa ce. Ina aka taɓa ta da yaro a bar maigida yana barci?"

Ya yi dariya har da tari. "Ladabinka ne ya kashe waƙar. Wannan fanel da ka gani, sau ɗaya yake waiwayawa in ya farka. Wanda bai gani ba a lokacin, ya shafe shi, ya tura waƙar ta wata ƙofa. Daren nan wuta ta ta da su tare, ita kuma nauyin barci gare ta. Uwargida fa, wanne take fara kunnawa?"

Na yi tunani. Akwatin ce kusa da gado, ita hannunta ke fara samu. Ashe duk watannin nan lalube ya fi ni daidai.

Ya sunkuya yana danna madannai da yatsa ɗaya, hannun yana rawa, ya rubuta wa fanel cewa ya jira har akwatin ta amsa. Ya kashe ya kunna ta kowace fuska, har da zare wuta gaba ɗaya, kowane karo waƙa ta fito. Ya naɗe ya miƙo mini.

"Ka ce kai ka gyara. Ai kai ka kawo labarin daidai."

Wallahi wannan ta fi yi mini zafi. Ga iyawa, ga kuma kyauta da ita.

Na koma gida na jona. Waƙa ta cika ɗakin, maiɗakina ta ɗago fuska, yatsunta suka fara kaɗa gefen gado. Can ta jawo ɗankwalin ta shinshina, warin dalmar shagon yana jikinsa.

"Allah ya yi wa hannun da ya taɓa albarka," ta ce. "Gobe ka gaishe shi."

Mai Kunne, kai ne ka zauna lokacin da na tashi. Kai ne mai canza abu ɗaya ka jira amsarsa, ni ina canza goma in rasa wanda zan gode wa. Sarkin saurare, ka mayar wa matata da abokin zamanta, abin da na kwana ina so ya fito daga hannuna. Ina ƙyashinka, ba zan ɓoye ba, kuma da wannan ƙyashin nake cewa na gode. Masu tasowa a wannan sana'a, ku je ku ga yadda ake zaunar da mai kaya a ji ta bakinsa kafin a ɗauki sukudireba. Ku yi sauri, don rawar hannu ta ci ƙarfinsa, ɗansa ya zo zai tafi da shi wani gari ya huta.

Jiya aka fara fitar da kaya. Muna tsaye ni da tela da mai aski, ana ɗora teburin a bayan mota, Mai Kunne yana zaune a gefe da tawul ɗinsa a kafaɗa. Maƙwabcina mai sayar da gawayi ya matso, ya dubi shagon da ya zama wayam, ya dube ni.

"To Na-sama, in abin uwargida ya sake yin shiru, kai za ka gyara mata, ko mota za ka shiga ka bi shi?"