Matar da Ke Jiran Motar Asibiti

Tana tsaye a bakin titi da tsakar rana, doguwar dattijuwa, takalmanta wari da wari, takunkumin fuska ya zamo mata zuwa haɓa. Tun da annobar nan ta shigo, jiniya ba ta yankewa. Motocin asibiti uku sun wuce, kowacce sai ta ɗaga mata hannu, amma kowacce da wanda aka aike ta ɗauka.

Ba kuka take ba. Yadda take magana a waya ne ya tsayar da ni. Sunan layi, lambar gida, shekarun mijinta, yadda numfashinsa ke sarƙewa, duk tana jero su tun kafin a tambaye ta. Ina zaton ta yi shekaru a ofishin motocin asibitin, tana amsa kiran masu neman mota.

Ta saurara, sai ta yi murmushin takaici.

"'Yata, kar ki ce min tana hanya. In babu mota ki ce babu, in nemi tasi. Ranar da kika fara aiki, ni na koya miki wannan maganar. Yau ni za ki faɗa wa?"