Hajiya Turai Mode Rara, Wadda Ta Ƙirga Waɗanda Aiki Ya Nakasa

Haihuwa

An haifi Hajiya Turai a garin Rara ta ƙasar Rabah a shekarar 1979. Mahaifiyarta Habi, mahaifinta Malam Mode, mai feshin magani a gonakin albasa, wanda ke dama maganin da hannu, in ya gama ya sha nono, bisa imanin masu sana'ar cewa nono na wanke guba. Ciwon ƙirji ya kwantar da shi shekara uku, ya rasu a 1993, yayar Turai kuwa ta bar makaranta saboda jinyarsa.

Karatu, Aiki da Aure

Turai ta ƙi barin karatu. Ta kammala sakandare a 1998, ta sami shaidar aikin lafiya, aka tura ta wani ƙaramin asibiti a Goronyo a 2002. A 2003 aka ɗaura aurenta da Malam Nasrullahi, malamin firamare, mutumin Wurno.

Ƙidaya

A 2012 aka sa ta cikin wani kwamiti mai kiyasta asarar da raunuka da cututtukan wurin aiki ke jawo wa al'umma. Wata bakwai tana bin ƙauyuka, tana rubuta masu feshi, da masunta, da waɗanda injin casar shinkafa ya ci wa yatsu. Ba ta tsaya ga kuɗin magani ba. Ta haɗa da gonar da ta kwana ba noma da ɗiyar da aka cire daga aji.

Shugaban kwamitin ya umurce ta da ta goge duk wanda ba ya karɓar albashi daga rahoton kwamitin, ta sa hannu. Amsarta na nan a bakin abokan aikinta: "Ranka shi daɗe, wanda inji ya yanke ma hannu, mi za a ce da shi in ba ma'aikaci ba? Ba ni gogewa."

Aka miƙa rahoton ba sunanta, ba mutanenta. Aka mayar da ita ƙauyen Sisawa, inda ta ci gaba da koya wa masu feshi rufe hanci da sa safar hannu.

Rasuwa

Allah ya yi mata rasuwa a watan Sha'aban na 2024 bayan gajeriyar jinya, aka yi jana'izarta a Rara, kusa da kabarin mahaifinta. Ta bar mijinta da 'ya'ya uku: Rahama, Mujahid da Zinariya. Ta kuma bar littafin ƙidayarta, sunaye ɗari huɗu da sha ɗaya, ba a goge ko ɗaya ba. Shekara goma sha biyu ta yi ba ƙarin girma, ta rasu a matakin da take ranar da ta ƙi sa hannu. Allah ya gafarta mata.