Yaron da ke cikin murfin akwatin Inna

Har yau idan na ji ƙanshin man gyaɗa a jikin takarda, sai in tuna wani yaro da ban taɓa sanin sunansa ba.

Ranar kasuwar Matameye ce, lokacin kaka, an gama yankan hatsi, zangarniya jibge a tsakar gida. Kawuna ya dawo mana da ƙosai ƙunshe a takardar da aka yago daga wani littafin 'yan lakwal, wato makarantar boko. Sauran yara suka wawashe ƙosan, ni kuwa takardar ce ta ɗauke mini hankali. Zane ne gida uku a jere. Akwai yaro, akwai kuma wani dodo mai jikin mutum da kan bijimi.

Na kai wa kakana a zaure, yana tufkar igiya. Malamin allo ne, shi ke karanta wa unguwa wasiƙun ajami da maza ke aikowa daga ci-rani. Ya goge hannu a riga, ya ɗora yatsa a gefen dama kamar yadda yake fara kowane karatu.

"Ka gani," in ji shi, "abin yana kwance yana barcinsa, ga ɗan banza ya zo ya tsaya a kansa. Nan kuma ya kama masa ƙaho. To, ga ƙarshen mai ƙiriniya."

Yatsan ya tsaya a gidan hagu: yaro a ƙasa, dodo a kansa.

"Kaka, ya mutu?"

"Ka taɓa ganin wanda bijimi ya danne ya tashi?"

Ya faɗa yana kallon turken shanunmu na noma, inda na saba zuwa in ja musu ƙaho in ruga.

Tun ranar ban sake kusantar turke ba. Damina ta zo, tsarana suna riƙe igiyar shanu a gona, ni na zaɓi bin mata da ƙoƙon iri, ana yi mini dariya. Ba tsoro kaɗai ba ne, mai karatu, tausayin yaron ne ya zauna mini a ƙirji. Tsawonmu ɗaya da shi. Nakan rufe gidan hagu da babban yatsa don ya ɗan ƙara kwana. Daga baya Inna ta liƙa takardar da ƙaro a cikin murfin akwatinta na ƙarfe, yadda mata ke yi da duk takarda mai ban sha'awa. Duk sanda ta buɗe za ta ɗauko mana kayan Salla, ƙanshin kanumfari ya taso, sai in kau da kai.

Na girma, na yi furfura, kafin in shiga karatun manya. Bana autata, wadda ke lakwal, ta shigo gida rungume da littafin da ta aro. Duk zane ne, maganar kowa na fita daga bakinsa cikin ɗan da'ira. Ta ce littafin yara ne aka mayar da shi hotuna, labarin wani yaron zamani da ya faɗa cikin dodannin tatsuniyoyin mutanen Girka na dā. Ta daɗe tana jiran layi ya zo kanta.

Na karɓa na buɗe, sai ga dodon nan mai kan bijimi. Ƙahonin nan, kafaɗun nan. Na bi hotunan da ido.

"Gobe ki mayar musu," na ce. "Ba za a riƙa kashe yara a gabanki ana ce da shi karatu ba."

Idonta ya ciko. "Baba, wa aka kashe?"

Na nuna mata, gida bayan gida. Ta dubi yatsana, ta dube ni, sai ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa don dariya.

"Baba, daga ƙarshe kake farowa! Ba allo ba ne fa. Mushenku bai gaya muku ba?"

Mushe, malaminmu na karatun manya, ya gaya mana, boko daga hagu yake tafiya, har na cika kaye guda, wato littafin rubutu, da hakan. Amma ban taɓa kawowa a raina cewa hoto ma yana da gefen da ake faro shi ba.

Na miƙe na nufi ɗakin Inna. Tana zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa.

"Inna, ina makullin akwati?"

"Gadon naka za ka ɗauka tun ina numfashi?"

Ta kwance shi daga bakin zane ta miƙo. Takardar na nan, ta yi ja, tabon mai bai gushe ba. Na ɗora yatsa a hagu. Yaro a ƙasa, dodo a kansa. Yaro ya kama ƙaho. Yaro tsaye da ƙafafunsa, dodo a miƙe. Sai yanzu na lura harshensa a waje yake. Ashe ba barci ba ne.

Na zauna daɓas a bakin gado ina dariya, ina share ido. Da na yi wa Inna bayani, sai ta ci gaba da ɓararta.

"Allah ya jiƙan tsohon," in ji ta. "Ko ta wane gefe ya karanta, ai ya tsare maka haƙarƙari."

Littafin bai koma ba sai da muka kai ƙarshensa. Bayan la'asar auta takan karanta Faransancin ta juya mini da Hausa, ni kuma in riƙe layi da yatsa. Idan hannuna ya zame dama, sai ta ɗan buge shi.

A zamaninmu jika ke kai wa kaka takarda, yanzu uba ke zama a gaban ɗiyarsa. Ban ga laifin kakana ba. Da karatun da ya iya ya karanta mini, shi ma yaro yake son cetowa. Jiya da na bi ta turken maƙwabcina na tsaya na shafa wuyan bijiminsa, na daɗe ina shafawa. Ƙahon dai ban taɓa ba.